Tutar Shunayya a Cikin Adaka

Akwai wani mutum da ya gāji tuta daga kakansa. A ƙasarsu kowane gida yana da tutarsa da alamarsa. Ran kasuwa da ran biki akan kafa ta a ƙofar gida domin yara su san tasu, in wata masifa ta warwatsa mutane kowa ya nemi launin gidansu.

Tutocin maƙwabta ja ne da baƙi da kore. Ta mutumin nan kuwa shunayya ce, da farar kurciya a tsakiya. Sarki ne ya ba kakansa wannan launi, gama na sarauta ne, rininsa da tsada, rana kuma tana cinsa da sauri. Saboda haka ya naɗe ta, ya kulle a adaka.

Matarsa takan ce, “Maigida, tutar nan amarya ce da ba ta fita? Yaranka biyu ba su taɓa ganinta ba.”

Yakan ce, “Ke dai ki yi tuwonki. In ta koɗe, ke za ki rina?”

Ana nan sai mahara suka faɗa wa garin da hantsi, yaran suna wajen kiwo. Jama'a suka gudu bakin kogi, dubbai, kuka ya hana a ji kira. Kowane gida ya ɗaga tutarsa, yara suka yi ta zuwa. Mutumin, da ya ɗauko tasa daga adaka kafin ya gudu, ya ɗaura ta a gora ya ɗaga. Babu wadda ta kai ta kyau. Ya riƙe har hannuwansa suka mutu. Ba wanda ya zo.

Da la'asar wani maƙwabci ya iske shi, ya ce, “Kai ne da wannan? Wayyo! Na ga yaranka tsaye suna kallonta. Babban ya ce wa ƙaramin, ‘Wannan ta manya ce, kada mu matsa a duke mu. Mu koma gida, Baba yana can.’ Suka juya cikin gari.”

Ba a ƙara ganinsu ba. Daga ranar ya kafa tutar a ƙofarsa, rani da damina, har ta koɗe ta zama kamar toka.

Ma'anar wannan misali ita ce: tutar nan ita ce bangaskiyarku, adakar kuwa bakinku ne da kuka kulle. Shekara arba'in ina zaune a cocin nan. Na san iyayen da 'ya'yansu ba su taɓa jin sun yi addu'a ba, ba su taɓa ganin sun nemi gafarar kowa ba. Kuna cewa sai sun girma. Ranar wahala za ku ɗaga, su duba, su ce ta wasu ce.

Ni ma yarana biyu ne. Na ɗaga tawa a makare. Ku je ku buɗe adakarku yau, rana ta ci abin da za ta ci.