Muzurun Inna Tala da Daɓen Karo

Akwai wata dattijuwa ƴar Gangara, Inna Tala, wadda ɗanta Alhaji Rilwanu ya ɗauko ta ya kawo sabon gidansa a Cadawa. Allah ya buɗa mishi a kasuwancin aya, ya gina gida ya shimfiɗa karo, wato tayil, fari tas tun daga salo, ɗakin baƙi, har ɗakin tsohuwa. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna mishi daɓen nan.

Inna Tala ba ta zo da kaya da yawa ba. Akwatinta, butarta, sai muzurunta mai suna Ɗan Toka, wanda ke kwana a ƙafafunta tun rasuwar mai gidanta.

Da bazara ta kama, sai Ɗan Toka ya sake hali. Ya tsuguna ya daɗe yana kuka, ya tashi, ya koma ya tsuguna, abin da zai fito ɗigo ne kawai, wani lokaci da jini-jini. Ya bar zuwa rairayin bayan gida, sai ya nemi sanyin karo ya ɗiga a kai.

Ranar da Alhaji ya taka ɗigon nan da alwalarsa, ya ɗauki takalmi ya jefi muzurun. Inna Tala ta ce dabbar nan ba ta da lafiya, a duba ta.

"Iskanci ne, Inna," in ji shi. "Ya ƙoshi ne. Abin da ba ya iya riƙe fitsarinsa ba shi da wurin zama a gidana."

Ya sa aka kulle muzurun a mangaza, ɗakin ajiya, cikin buhunan aya, ya ɗauke kaskon ruwansa ya kife. Ya ce wa matarsa Balkisu duk wanda ya ba shi ruwa su haɗu. In bai sha ba, ai ba zai yi ba.

Maganar nan ta zauna wa Inna Tala a ƙirji. Akwai abin da ba wanda ya sani. Ita ma tun bara jikinta ya fara cin amanarta. In ta yi tari ko ta miƙe da sauri, sai ta ji zanenta ya jiƙe. Takan wanke shi da kanta ta shanya a bayan ɗaki. Yanzu tana zaune tana jin kukan Ɗan Toka ta bayan ƙofar ƙarfe, tana kallon farin karon ɗakinta, tana tunanin ranar da za a taka nata.

Sai ita ma ta rage shan ruwa. In Balkisu ta kawo mata kunu, ta kurɓa ta ture. In an kawo ruwan randa, ta jiƙa leɓe ta zuba sauran a gindin itacen bedi. Da aka tambaye ta, ta ce tsufa ne, ƙishirwa ta bar ta.

Tana so ta buɗe mangazar, amma makulli yana aljihun Alhaji. Ta roƙe shi sau ɗaya. Ya yi dariya ya ce Inna ta fi son kyanwa da ɗanta, ya hau mota ya tafi Maraɗi.

Balkisu ce ta kasa jurewa. Da ta ji kukan ya koma nishi, ta ɓalle kwaɗon da taɓarya. Ta tarar da muzurun kwance, ya yi amai, mararsa ta yi tauri kamar dutse. Ranar kasuwa ce, likitan dabbobi yana gari. Ta naɗe shi a zane ta kai, Inna Tala na bin ta a baya tana dafa bango.

Likitan ya taɓa marar ya girgiza kai. Ya gaya musu hanyar fitsarin ce ta toshe, kuma muzuru ya fi mace saurin kamuwa don tasa hanyar siririya ce. Ya ce yawan tsuguno, kuka, ɗigon jini da lasar gaba duk alamu ne, kuma in kyanwa ta fara fitsari inda ba ta saba ba, zafi ne ke korar ta. Da an kawo shi da wuri, da ya buɗe hanyar ya ba da magani, sai a riƙa ba shi ruwa mai yawa da abinci mai romo. Hana shi ruwan nan shi ya ƙarasa shi.

Ya gwada iyakar ƙoƙarinsa. Ɗan Toka ya mutu a cinyar Inna Tala kafin la'asar. Ba ta yi kuka ba, idonta ma ba ruwan da zai kawo. Ta miƙe za ta tafi, sai ta yanke jiki ta faɗi a bakin kasuwa.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar ta yi wa Alhaji faɗa, ta ce wane irin gida ne ake barin tsohuwa ta bushe haka da bazara. Ya rantse gidansa randa uku ne, har da firji. Ya durƙusa gaban gadon ya ce, "Inna, mi ya hana ki shan ruwa?"

Ta dube shi ta ce:

"Ni ma ba na iya riƙewa, Alhaji. Na ji abin da ka ce."



Da aka sallame ta, ta ce a kira mata ɗiyarta Dija ta mai da ta Gangara. Alhaji ya bi ta har can. Ya ce zai cire karon ɗakinta, zai sayo mata kyanwa goma in tana so. Ta sa mishi albarka, ta tambayi lafiyar Balkisu, ta sa aka kawo mishi fura. Amma zancen komawa, ta ce a bar shi.

"Ɗakin Dija ƙasa ne. In abu ya zuba sai ta shanye, ba mai ji."

Ya koma Cadawa shi kaɗai, ya tarar Balkisu ta goge karon yana ta walƙiya.

Darasi: Dabbar da ta fara ɓata wuri ba raini ba ne, sau da yawa ciwo ne, a ba ta ruwa a gaggauta kai ta wurin likita. Kuma ka sani, yadda kake yi wa marar ƙarfi, masu rauni na gidanka suna kallo suna auna kansu. Ku tura wa ƴan uwa, wataƙila akwai wata tsohuwa da ke zubar da ruwanta a ɓoye.