Bara'u da Jirgin Catherine

Akwai wani ɗalibi ɗan Funtuwa mai suna Bara'u da ke karatu a Manchester. Tun ranar da ya fara ganin teku, tambaya ɗaya ta hana shi sakat: yaya iska kaɗai take tura jirgi har ya ƙetare wannan ruwa?

Da ya gama jami'a sai ya shiga neman masu ƙananan jiragen ruwa da ke buƙatar mataimaka. Kowa ya tuntuɓa sai ya tambaye shi ko ya taɓa tafiya a teku. Da ya ce a'a, shi ke nan, ba ya ƙara jin ɗuriyarsu.

Kamil, abokinsa da suke flat ɗaya a unguwar Hulme, ya ce, "Kai ma dai! Ka ce kana da experience mana. Wa zai bincika?"

Ana haka sai wata dattijuwa mai jirgi, Catherine, ta gayyace shi gidanta a Birmingham. Za ta ƙetare tekun Atlantika, mataimaki ɗaya ya rage mata ta ɗauka. Tun a bas Bara'u ya gama shirya ƙaryarsa.

Suna zama ta miƙo masa igiya. "Nuna min ɗaurin da ka iya."

Ya jujjuya igiyar, kunya ta kama shi.

"Gaskiya ko kwalekwale ban taɓa shiga ba," in ji shi. Ya miƙe zai tafi, amma bakinsa ya ƙi yin shiru. "Don Allah, idan iska ta tsaya fa? Kuma yaya zan gane alƙibla a tsakiyar ruwa?"

Ta yi dariya ta ce ya zauna. "Bara na ɗauki wani da ya ce ya iya komai. Da guguwa ta taso, ɗaurinsa ya kwance, ƙanena ya karye a hannu. Mai tambaya zan iya koya masa."

Ta yi watanni tana horar da shi a bakin teku. Ya sha amai, tafin hannunsa ya yi kanta, sannan suka tashi.

Wata safiya a tsakiyar teku, wani kifi da ya fi jirginsu tsawo ya taso dab da su yana feso ruwa.

"Subhanallahi!" Bara'u ya riƙe baki. "Shin wannan yana barci kuwa?"

Catherine ta ce, "Wannan kam ni ma ban sani ba."

Darasi: Faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Ƙaryar iyawa tana jefa wasu cikin haɗari, gaskiya da tambaya kuwa su ke kai mutum inda yake buri. Ku tura wa duk wanda kuka san yana neman aiki.