Malam Hashimu a Ajin Ɗalibarsa

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Malam Hashimu. Yana saurayi ya shiga jami'a, bai yi nisa ba mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne. Ya ajiye karatu, ya kama koyarwa a firamare, ya riƙe gida. Sai da ya aurar da autarsu, furfura ta cika masa gemu, sannan ya ce zai koma ya ƙarasa.

Ya koma. Ya zauna cikin yara sa'o'in 'ya'yansa, idonsa ba ya ganin allo sosai. Ku saurara, jama'a. Malamar da ta shigo ajin ita ce Dakta Rahane, yarinyar da shi da kansa ya koya wa riƙon fensir a aji ɗaya. Da ɗalibai suka miƙe, shi ma ya miƙe. Ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta.

Aka yi jarrabawa, Malam ya faɗi darasinta. Faɗuwar nan tana nufin ƙarin shekara guda, ga tsufa, ga ido yana ja baya.

Bayan la'asar sai ga Rahane a zaurensa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, makin da ya rage maka ka ci kaɗan ne. Ban miƙa sakamako ba tukuna. Zan cike maka, ba wanda zai sani."

Malam yana son takardar digirin nan, Allah ya sani yana so. Amma sai ya ce, "'Yata, da kina aji ɗaya, kin taɓa rubuta harafi a karkace na ce ya yi?"

Ta ce, "A'a, Baba. Kama hannuna kake yi mu sake."

Ya ce, "To, ni ma kama hannuna mu sake."

Ta fashe da kuka. Ta je ta miƙa sakamako yadda yake. Shekarar da ta biyo baya Malam ya dawo ajinta, ya zauna a layin gaba, abin da bai gane ba ya ɗaga hannu ya tambaya. Ya ci da guminsa. Ranar da aka yaye su, Rahane ce ta gyara masa hula.

To, 'yan uwa, ku ji. Girma ba ya zubewa don ka zauna gaban na ƙasa da kai ka ce ban sani ba. Kuma wanda yake ƙaunarka zai iya kawo maka haram da hannu biyu, cikin tausayi. Ka mayar masa cikin taushi, ka tsirar da kanka, ka tsirar da shi. Kai da ka ajiye karatu kana jin kunyar yara, ke da kika ce lokaci ya wuce, tunda kuna numfashi bai wuce ba. Ku koma, kuma ku bi ta halal. Allah ya sa mu dace.