Kazar Mani Maɗori da Hannun Hidaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, wannan zalunci ya fara. A ranar ne Hidaya, yarinya mai shekara bakwai, ta faɗo daga amalanken jaki mai ɗauke da dammunan gero, a wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari. Hannunta na dama ya karye sama da gwiwa. Uwarta Sahura ta goya ta sai gidan Mani maɗori.

Mani ya gaji ɗori kaka da kakanni, kuma ya iya, ba mai hana shi wannan. Cutarsa ɗaya ce, girman kai: ba a yi masa tambaya. Ya ja hannun, ya jera kara, ya naɗe da tsumma, ya tamke. Sannan, bisa al'adar gidansu, ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗora ta ita ma. Ranar da kazar ta taka, ranar ake kwance wa mai karaya.

Washegari Sahura ta ga yatsun ɗiyarta sun kumbura sun yi sanyi. Ta koma da ita.

"Baba, dubi yatsun nan. Ta kasa motsa su."

Mani bai dubi yarinyar ba. Akurki ya leƙa.

"Ga ta can tana cin tsaki. Lafiya lau take."

"Baba, ba kaza na kawo maka ba."

"Ke ɗiyar nan, tun uwarki na tallan fura nike ɗori. Wanda ya taɓa ɗaurina, alhakin hannun na wuyanai."

Sahura ta dawo gida. Ta ɗan miƙe wa Hidaya yatsa ɗaya, yarinyar ta ƙwalla ƙara kamar an sa mata wuta. Faratan kuma sun soma duhu. Sahura ba ta shawarci kowa ba. Ta ɗauki reza ta yanke tsumman, ta tallafi hannun da ɗankwalinta, ta tare kabu-kabu sai Dogon Dutsi.

A asibiti likita ya taɓa jijiyar wuyan hannun, ya danna farce ya ga yadda jini ke dawowa, ya ce yarinyar ta haɗa babban yatsa da manuniya. Sannan ya tura su hoton ƙashi.

"Wa ya kwance ɗaurin?"

"Ni ce," in ji Sahura, tana jiran faɗa.

"Kin kyauta, uwar Hidaya. Da kin kai gobe, da sai dai mu yanke."

Aka gyara ƙashin, aka sa abin da zai riƙe shi ba tare da ya matse ba.

Mani fa? Ranar Juma'a, sha bakwai ga wata, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce Sahura marar kunya ce, ta raina manya, ta lalatar da hannun ɗiyarta da kanta. Mata suka sa mata suna Mai Reza. Bikin suna biyu aka yi a unguwar, ba a aiko mata goro ba. Ita kuwa ba ta sunkuyar da kai ba. Bayan mako shida Hidaya ta koma lakwal, wato makarantar boko, tana rubutu da hannun daman nan, sai dai ƙaramin yatsa har yau bai gama lanƙwasa ba.

Darasin a fili yake. In an ɗaure wa yaro karaya, a dubi yatsunsa. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun canja launi ko sun ƙi motsi, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko wane ne ya ɗaura. Gado ba ya hana mutum kuskure, kuma uwar da ta yi tambaya ba raini ta yi ba. Sahura abin alfaharin ƙauyen nan ce. Saboda haka wajibi ne Mani ya koma ƙofar masallacin, ranar Juma'a, a gaban jama'ar da suka ji zagin, ya kira sunanta ya ce: "Na yi kuskure, ki gafarce ni."