Ƙwaron Fadama da Furar Suruka

Ga dalilin da ya sa ɗan koren ƙwaron nan na fadama, wanda bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, ba ya yarda a haɗa ido da shi. Ku matso, yara, ku ji.

A da can sunansa Nomau, kuma gaba gaɗi yake tafiya kamar kowa. Wata damina surukarsa, Inna Yalwa, ta kira gayyar cire ciyawa a gonar shinkafarta. Nomau ya riga kowa zuwa, don yana so a ce ba a taɓa yin suruki irinsa ba.

Da rana ta take, aka kawo fura. 'Yan gayya suka zauna, Nomau ya koma gefe, domin suruki ba ya cin abinci a gaban uwar matarsa.

"Ɗan nan, ko kurɓi ɗaya?" in ji Inna Yalwa.

"Na ƙoshi, Inna. Ni in ina aiki, yunwa ba ta zuwa kusa da ni."

Abokansa suka ce, "Kai, Nomau! To cikin wa ke ta kuka tun ɗazu?"

Aka koma aiki. Can yunwa ta ci ƙarfinsa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya lallaɓa ƙarshen gona, ya soka bakinsa cikin karan shinkafa yana zuƙar ruwanta. Ganyen ya fara yin rawaya, shi kuwa bai lura ba.

Ashe tsohuwa ta rage masa fura. Ta biyo shi da ƙwarya, don ta ajiye inda zai sha ba idon kowa.

"Sannu da aiki," ta ce.

Nomau ya so ya amsa, baki ya maƙale a kara. Ya ja, ya ƙi fita.

Inna Yalwa ta dubi ganyen, ta dube shi, ta kawar da kai. Ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Ni ban ga kowa a nan ba," ta ce. "In mai furar ya zo, ya sha."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Da bakin ya fita, don kunya ya kasa yin gaba, ya kasa yin baya. Sai ya ja jiki a kaikaice, ya zagaya bayan ganye.

To shi ya sa har gobe, in ka miƙa masa yatsa, sai ya sulale a kaikaice ya ɓuya bayan ganye. In ka leƙa, ya yi tsalle ya ɓace. Furar ma bai koma ya sha ba.