Taƙi Guda Sama da Jan Layi

An yi wani mutum a wani ƙauye na bakin gulbin Kwara, cikin ƙasar Bagudo, can kusa da iyakar Benin. Sana'arsa fito. Yana da jirgin katako mai inji, duk ranar kasuwar Lolo shi ke kai mutanen ƙauyen da kayansu, ya maido su da yamma. Ba mugu ba ne, ya 'yan uwa. A sahun gaba yake salla, kuma yana son matarsa Mashkura, uwar 'yarsa Hamdiyya, irin son da har abokai ke yi masa tsiya a kai. In ta yi dariya, gajiyar yini duka sai ta sauka daga kafaɗarsa.

Wata shekara, bayan jirage sun yi ta kifewa a gulbin, wasu masu bincike daga wata jami'a suka zo. Suka zauna da masu fito, suka saurari waɗanda suka tsira, suka auna jirage ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka gano ba shi da wuyar fahimta. Yawancin jiragen da suka nutse, lodi ne ya danne su har bakinsu ya kusa shan ruwa, igiyar ruwa ƙarama ta ƙarasa su. Sai aka yi shawara da sarkin ruwa, aka ja wa kowane jirgi jan layi na fenti a gefe. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya tsaya. Ko wanda bai taɓa zuwa makaranta ba ya iya karanta wannan.

Mutane suka ji daɗi, musamman mata. Kafin su sa ƙafa, sai sun leƙa sun ga layi.

Amma mutumin nan zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kullum yana kallon buhunan shinkafa da albasa da yake bari a bakin gaɓa, wani jirgin ya zo ya kwashe. Ga shi ya yi wa Mashkura alkawarin rufa mata ɗaki da kwano kafin wata damina. Shaiɗan bai zo masa da mummunar fuska ba. Da fuskar wadda yake so ya zo masa. Ya ce a ransa, cikin ruwan nan aka haife ni, baƙon da ko iyo bai iya ba ne zai gaya mini abin da jirgina ke ɗauka? Kuma ai babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare.

Ranar da ya jawo jirgin bayan ciyayi don ya toshe tsagogi, sai ya shafe layin da kwalta. Ya ja wani sabo, taƙi guda sama da na farko. Babu wanda ya gan shi. Wa ya gaya masa babu wanda ya gan shi?

Kasuwa ta ci, ta sake ci, jirgi yana zuwa yana dawowa lafiya. Wannan shi ne abin tsoro a sha'anin zunubi, ya 'yan uwa. Ba ranar da ka aikata shi yake kama ka ba. Barin ka yake yi har ka saba.

Wata ranar kasuwa a ƙarshen damina, gulbi ya cika ya batse. Bayan la'asar ya gama lodi a Lolo, har da babura a kan buhuna. Mashkura ta zo da ƙanwarta Shafa'atu, yarinya mai barkwanci wadda duk duniya ba abin da take tsoro kamar ruwa.

Shafa'atu ta tsaya nesa ta ce, "Baban Hamdiyya, ni hwa ba ni shiga wanga akwatin naka. Babur zan hau in zagaya ta gada."

Ya yi dariya ya ce, "Matsoraciya! Ke da ko cikin kwano kinka ga ruwa sai kin yi salati."

Mashkura ta kama hannunta ta ja ta har bakin jirgi. "Zo ki gani da idonki. Kin ga layin ga? Ruwa bai kai gare shi ba. Duk masu hiton ga babu mai kiyaye shi kamar yayanki. Shiga, ni na tsaya miki."

Yana tsaye, ya ji kowace kalma. Me zai hana ya ce a sauke babura? Me zai hana ya ce wa yarinyar ta tafi ta gada? Kunya ce ta hana shi, don kada matarsa ta tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ja igiyar inji.

A tsakiyar gulbi iska ta taso. Wani babban jirgi ya gifta, igiyar ruwan da ya bari ta doki gefensu ta zubo ciki. Ta biyu ta biyo. Mutane suka zabura gefe guda, shi ke nan, jirgi ya kife.

Shi ɗan ruwa ne. Ya cafko Mashkura ya fitar da ita, tana ta kiran sunan ƙanwarta. Ya koma ya nutsa, ya sake nutsawa, har jini ya tsinke masa a hanci. An ceci da yawa. Ba a ceci Shafa'atu ba, ita da wasu mata da wani tsoho. Can gangare masunta suka tsinto su cikin ciyawa.

Da aka jawo jirgin kan tudu, yashi ya kankare kwaltar. Tsohon layi ya bayyana a ƙarƙashin sabo, a gaban kowa. Sarkin ruwa ya durƙusa ya gwada tazarar da hannunsa.

Mashkura ba ta yi kururuwa ba. Ta dube shi ta ce, "Da hannuna na saka ta. Da amanarka na rantse mata." Ta ɗauki 'yarta ta koma gidan mahaifinta.

An hana shi fito, hukuma ta yi nata hukunci, ya gama ya dawo. Ba wannan ke cin sa ba. Ya je neman gafara gidan surukansa. Tsohuwar, mahaifiyar su Mashkura, ta ce ta yafe, ta juya tana kuka. Mashkura ba ta fito ba, har yau.

Ya 'yan uwa, alamar da aka sa don tsare rayuka amana ce. Wanda ya taɓa ta, ya yi wa duk wanda zai dogara da ita ƙarya. Kai direba da ka san birkinka ya mutu, kai mai injin casa da ka cire murfin bel don aiki ya yi sauri, wa ke tsaye kusa da kai saboda ya yarda da kai? Dogaro ga Allah bai taɓa zama izinin ganganci ba. Ilimin da ya nuna mana iyaka, shi ma rahamarsa ce.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Allah ya karɓi tuban wannan bawa, ya sanyaya zuciyar wadda ya ƙona. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye masu yarda da mu daga son zuciyarmu. Amin.