Tagogin da Oga Jafaru Ya Ƙusance

Akwai wani mai shagon buga takardu a Barkin Sale da ake kira Oga Jafaru. Mutumin kirki ne, in ka cire cewa bai taɓa yarda da kowa ba.

Wata rana ya ji a jikinsa ana fitar masa da takardu ta taga. Bai ga kowa ba, amma ya kira kafinta ya buga ƙusoshi ya ƙusance tagogin duka. Janareto ma ya shigo da shi lungun ciki, don kada ɓarayi su yi masa sha'awa.

Ba a jima ba ma'aikata suka fara ciwon kai. Da an ɗauke wuta bayan azahar, kowa sai gyangyaɗi.

Oga ya yi bincikensa. Ya lura Alisabatu Maman Josiah, mai aikin kwamfuta da ke zuwa daga Paiko, tana raba wa mutane dafaffiyar doya kullum da rana.

"Maman Josiah, me kike sa wa a doyar nan?"

"Gishiri da manja, Oga."

"Haka kowa ke cewa. Zauna gida tukuna."

Da wannan aikin take riƙe yara uku. Ba ta yi musu ba, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Doya ta tafi, ciwon kai bai bi ta ba. Sai Oga ya yanke cewa akwai wani munafukin. Ya baro ofishinsa na waje, ya sallami kowa da wuri, ya rufe ƙofa, ya tada janareto, ya hau binciken aljihunan tebura.

A ƙasa Alisabatu ta tarar da shi a sume, da ta zo ɗaukar kular abincinta. Ta kashe injin, ta ja shi waje, ta tare Keke Napep.

A asibiti likita bai tambayi doya ba. Cewa ya yi, "A ina kuke ajiye janareto?"

Da Oga ya farfaɗo ya ji bayani, ya juya wajen Alisabatu.

"Maman Josiah, ki dawo aiki ranar Litinin."

"Sai an buɗe tagogi, Oga. Yarana ba su da wata uwar."

A ranar aka kira kafinta.

Darasi: Kafin ka zargi ma'aikacinka, duba iskar da kake ba shi ya shaƙa. Hayaƙin janareto ba ya tambayar wane ne oga. Ku tura wa duk mai shago ko ofis da kuka sani, musamman wanda ya tabbata shi ba ya kuskure.